Shin Turawa sun bar mana sarauta yadda suka same ta?

Ɗan'uwa, ka ce kakanka yana yawan faɗin zamanin Turawa ya fi, domin a lokacin mutum yakan ɗauki kayansa daga Kano zuwa Zariya ba mai tare shi a hanya. Malaminku na tarihi kuma ya ce Turawan Ingila ne suka karya Arewa, sarakuna suka taya su. Kana son sanin wa ke da gaskiya, da kuma dalilin da ya sa har yau masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Na daɗe ina karantar da wannan fanni, don haka zan ba ka amsa gwargwadon abin da na sani, in kuma nuna maka inda ni kaina na tsaya.

Mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga, wato Lugard, Baturen da Ingila ta naɗa ya mulki Arewa, ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar cewa ƙasar Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Sarauniya, alhali mafi yawan ƙasar ba ta ma san ana yi ba. Sai aka bi ta da yaƙi. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauci da Zazzau suka shiga hannu a 1902. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, kuma a kan hanyar komowa aka yi karon Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya rasu. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, har aka tarar da shi a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da ragowar mutanen har Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu yana nan da sunansa. Rundunar da ta ci Kano ba ta kai mutum dubu ba, Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, sauran baƙar fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Abin da ya raba gardama shi ne igwa da bindiga mai ruwa.

Kowa ya yarda da wannan. Saɓani yana farawa ne da zarar an tambayi dalilin yaƙin da kuma abin da ya biyo bayansa.

Bayanin farko na Turawan ne da kansu. Lugga ya rubuta shi a rahotanninsa da littafinsa na 1922, daga baya Margery Perham ta Jami'ar Oxford ta ƙawata shi a tarihin rayuwarsa da ta rubuta. Abin da suka ce shi ne sun tarar da daular Shehu ta lalace, sarakuna sun koma farautar bayi da zalunci, su kuma suka hana yaƙi, suka hana cinikin bayi, sa'an nan maimakon su rushe sarauta suka bar ta a hannun masu ita, Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, yana gefe yana ba da shawara kawai. Wannan ne tsarin da suka kira mulki ta hannun sarakuna, suka riƙa tallarsa har Tanganyika da wasu wurare. Maganar kakanka ta zaman lafiyar hanya tana da gurbi a nan, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wanda ya taso yana jin labarin hare-haren Ningawa a kudancin Kano, ko na Maraɗawa a ƙasar Katsina, ko basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, dole ya ga darajar kwana a gona ba tare da fargaba ba.

Amma akwai wata wasiƙa da nakan so ɗalibaina su tsaya a kanta, don tana nuna yadda aikin masanin tarihi yake. Lugga ya ce a 1902 ya sami takarda daga Sarkin Musulmi na lokacin, Abdurrahman, mai cewa tsakanin Musulmi da kafirai babu wata hulɗa sai yaƙi, kuma ya dogara da ita wajen nuna wa London cewa Sakkwato ce ta fara neman faɗa. An yi shekaru ana kwafar fassarar Turancin daga littafi zuwa littafi. Sai a 1964 wani tsohon Di'o mai suna Muffett ya bi diddigi, ya nuna ba a ga asalin Larabcin ba, ya kuma sa shakka a kan yadda Lugga ya yi amfani da ita. Wasu masana suna ganin wasiƙar gaskiya ce, tunda ta dace da halin da aka san Abdurrahman da shi, wasu kuma suna zargin an juya ta. Ka ga takarda ɗaya tak, amma amsar wa ya jawo yaƙin tana rataye a wuyanta. Bayan Muffett da 'yan shekaru, a 1969, Nicolson ya fito ya ce sunan da Lugga ya yi na gwanin mulki galibi talla ce da shi da matarsa Flora Shaw suka yi, ita da ta kasance babbar 'yar jarida a London.

Daga nan 'yan ƙasa suka karɓi alƙalami. A Ibadan Adeleye ya rubuta tarihin yadda daular ta fuskanci Turawa, ya nuna an yi turjiya ta gaske. Murray Last ya rubuta tarihin daular a 1967 daga takardun Larabci na gidan Waziri, ba daga rahoton Razdan ba. A Zariya kuma Abdullahi Smith ya yaye ɗalibai irin su Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur. Aikin Tukur, wanda ya kammala a 1979 aka buga shi littafi a 2016, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Bai je neman wasu sababbin takardu ba. Fayilolin Turawan nan dai ya buɗe, ya karanta su da idon wanda aka mulka, ya nuna cewa abin da ake kira shawara umarni ne, kuma sarkin da ya ƙi ji tuɓe shi ake yi.

Duba lissafin da kanka. An kai Alu na Kano Lakwaja, can ya rasu. An tuɓe Kwasau na Zazzau. A Katsina an tuɓe Abubakar, aka naɗa Yero, shi ma aka tuɓe shi a 1906, aka ɗauko Durbi Dikko daga wani gida dabam aka ba shi sarauta. A Haɗeja an kashe Sarki Muhammadu a 1906. Daga baya Aliyu ɗan Sidi na Zazzau ya bi hanyar Lakwaja, kuma a 1931 Sarkin Musulmi Tambari ya bar gadon. A Kano ma Razdan Cargill, wanda mutane suka sa wa suna Mai Gunduma, ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya naɗa shi Waziri a kan idon Sarki Abbas. Lugga bai ɓoye manufarsa ba tun farko. A jawabinsa na Sakkwato cikin Maris 1903 ya gaya wa manyan gari cewa Fulani sun sami ikon naɗawa da tuɓewa da karɓar haraji ta hanyar cin yaƙi, yanzu kuma an ci su, don haka ikon ya koma hannun Ingila. Sarkin da a da yake mubaya'a ga Sarkin Musulmi ya koma yana rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, ana miƙa masa sanda da takardar naɗi. Shi kansa Sarkin Musulmi aka raba shi da ikonsa a kan sauran sarakuna, ya zama sarkin lardinsa kawai, sai dai girma.

A nan nake tsayawa. Sarautar da ta fito daga hannun Turawa a 1960 ba ita ce suka tarar a 1903 ba. Rawani yana nan, algaita da tambari suna nan, amma an sauya abin da ke ciki. Sarki ya rage ƙarfi a gaban Bature, ya kuma ƙara ƙarfi a kan talaka. A da masu zaɓen sarki da malamai da manyan bayi da Sakkwato duk suna iya taka masa birki, talakan da aka matsa wa kuma yana iya kwashe iyalinsa ya koma wata ƙasa. Da Turawa suka zo, birki ya zama guda ɗaya, wato Razdan, shi kuma abin da ya dame shi a tara haraji kada a yi tarzoma. Aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowa a gundumarsa, aka soke jakadu, aka haɗe kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗe iri-iri suka zama haraji ɗaya, aka daina karɓar wuri sai kuɗin Bature. Aka kafa baitulmali, sarki da alƙali da dogari suka koma cin albashi. Kotu da gidan yari da 'yan doka duk suka taru a hannun En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta. Mahmood Mamdani, a littafinsa na 1996, ya kira irin wannan tsari kama-karya da aka rarraba wa sarakunan gargajiya, inda mutum ɗaya ne mai kafa doka, mai shari'a, mai zartarwa. Wannan ne ya haifi jam'iyyar NEPU a 1950, kuma a shekarar ne Abubakar Tafawa Balewa, wanda ba ɗan tawaye ba ne, ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara En'e.

In ka taɓa shiga ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna ka buɗe rahoton ƙiyasin haraji na wata gunduma, za ka ga abin da nake nufi. Matashin Bature ya zagaya ƙauyuka a kan doki, ya ƙirga gidaje da rumbuna da awaki da marina da masaƙa, ya auna gona da taki, ya rubuta dami nawa take bayarwa, ya yanke abin da magidanci zai biya. Aikin yana da tsabta ƙwarai. Amma za ka karanta shafi talatin ba ka ji muryar manomi ko ɗaya ba, sai dai ta bakin tafinta ko dagaci. Mafi yawan abin da muke da shi a rubuce irin wannan ne, shi ya sa wanda ya karanta shi yadda yake zai ga tsari da adalci, wanda kuma ya je ƙauyen ya zauna da tsofaffi zai ji labarin wanda aka shanya a rana don ya kasa biya, da wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, da wanda ya tsallaka ƙasar da Faransa ke mulka cikin dare.

To, sarakuna sun sayar da mu ke nan? Ban yarda da wannan kalma ba, duk da abin da na faɗa a sama. Muhawarar da aka yi a Sakkwato kafin Turawa su iso ta malamai ce, da hujjoji daga littattafai: a yi yaƙi, ko a yi hijira, ko a zauna a yi sulhu na zahiri don kare addini da rayukan jama'a. Attahiru ya zaɓi hijira. Waziri Buhari ya komo ya zauna, ya kuma rubuta risala yana bayyana wa malamai dalilinsa, yana nuna irin damuwar da ke ransa. Muhammad Sani Umar ya yi nazari mai zurfi a kan waɗannan rubuce-rubuce, ya nuna cewa zaman da aka yi da Nasara bai zama yarda da su ba, kuma akwai hanyoyi da dama na ƙin abu ba tare da zare takobi ba. Ba dukan mutanen da Attahiru ya bari a baya za su iya tafiya Makka a ƙafa ba, dole wani ya tsaya tsakaninsu da mai bindiga.

Sai dai Satiru tana nan, kuma ba ta barin mutum ya wanke kowa sarai. A Fabrairun 1906 talakawa a wani ƙauye kudu da Sakkwato, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami mai suna Ɗan Makaho da ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka, suka yi kiran Mahdi, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama da gatura da fartanya. Cikin Maris aka komo da runduna, da taimakon manyan Sakkwato, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Lovejoy da Hogendorn sun nuna da yawa daga mutanen Satiru bayi ne da suka gudu da talakawa, kuma fushinsu bai tsaya kan Bature kaɗai ba, ya haɗa da masu sarauta. Bayan Satiru Turawa suka gane ba za su iya zama ba sai da sarakuna, sarakuna ma suka ga abin da zai iya samunsu in talaka ya tashi. Masana da yawa suna ganin a nan aka ƙulla ainihin ƙawancen.

Maganar bayi kuwa ita ce wadda mu 'yan Arewa muka fi kauce wa, kuma bai kamata ba. Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa a 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a daular. Wanda aka kamo kakarsa daga kudancin Zazzau ko tsaunukan Adamawa aka kai rinji, wato ƙauyen bayi masu noma wa ubangiji, ba zai kalli 1903 yadda jikan mai rinjin yake kallonta ba. Turawa sun hana hari da kasuwar bayi, wannan gaskiya ne, kuma alheri ne. Amma ba su 'yanta bayi ba. Dokar 1901 cewa ta yi duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, wanda yake bawa kuma ya zauna wurin ubangijinsa har ya fanshi kansa, galibi ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa, a gaban alƙali. Da bayi suka riƙa gudu da dubbansu, gwamnati ta bi hanyoyin hana su samun gona da mafaka, don tana tsoron noma ya tsaya, masu sarauta su juya mata baya. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum. Don haka mai cewa Turawa sun zo ne don ceton bayi ya yi ƙari, mai cewa kuma bautar ƙasar Hausa ba komai ba ce tunda bawa yana iya zama Shamaki ko Ɗan Rimi ya manta da dubban da suka ƙare rayuwarsu a gandu.

Akwai kuma wata murya da ta daɗe ba a saurare ta ba a Zariya da Kano. Moses Ochonu, a littafinsa na 2014, ya duba al'ummomin tsakiyar Nijeriya, ya nuna a wurare da dama fuskar mulkin mallaka da suka gani ba ta Bature ba ce, ta hakimi ce ko malamin haraji ko dogari Bahaushe ko Bafillace da Bature ya ɗora musu, har a inda jihadi bai taɓa cin su ba. Ana iya yi masa gardama a wasu wurare, amma wanda yake son fahimtar rikicin kudancin Kaduna da Filato ba tare da wannan babi ba zai yi ta lalube.

A fannin tattalin arziki zan taƙaita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke so don masaƙun Lancashire, manoman Kano da fatake irin su Alhasan Ɗantata suka ga gyaɗa ta fi riba, suka bi ta. Hogendorn yana kafa hujja da wannan cewa manomi ya san abin da yake yi, ba tura shi aka yi ba. Shenton da Michael Watts suka ce a duba haraji: wanda dole ya biya da tsabar kuɗi a lokacin kaka, dole ya noma abin sayarwa ko ya sayar da hatsinsa da arha, rumbu ya rage, fari kaɗan ya zama yunwa. Suna misali da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda aka ci gaba da karɓar haraji a cikinta. Ni ina ganin duka biyun sun faru, sau da yawa ma a gida ɗaya. Kada kuma a manta ɗiban gwamna, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu da aka kwashi mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa.

Ilimi ne wurin da gardamar ta fi zafi a yau, don kowa yana ganin sakamakonsa. Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, aka taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, kuma mishan ne suka gina yawancin makarantun Kudu. Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu, amma adadin ɗaliban kaɗan ne ƙwarai. Wasu masana sun ce da gangan aka yi, don Turawan Arewa sun ƙi jinin 'yan bokon Legas masu rubutu a jarida, ba sa son irinsu a nan. Wasu sun ce iyaye da sarakuna ne suka ƙi, har ana ɓoye yara ana tura 'ya'yan bayi a madadinsu. Duka akwai shaida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na uku: Turawa sun tarar da makarantun allo fiye da 20,000 bisa ƙiyasinsu, da zaurukan ilimi, da mutanen da ke rubuta Larabci da ajami, amma sannu a hankali aka mayar da aikin ofis zuwa boko da Turanci, malamin da ya haddace Muhtasar ya wayi gari a takardar gwamnati ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba.

Wannan jayayya ba tamu kaɗai ba ce. A Ingila akwai masana irin su Niall Ferguson da Nigel Biggar masu cewa daular Birtaniya ta yi alheri mai yawa tare da laifinta, akwai kuma irin su Caroline Elkins masu cewa danniya ce ginshiƙinta. A 2011, a shari'ar tsofaffin Mau Mau na Kenya, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayiloli da aka kwashe daga ƙasashen da ta mulka, kuma an san an ƙone wasu kafin a sauke tuta. A 2013 ta biya diyya ga 'yan Kenya 5,228. A Afirka ma Ade Ajayi ya ce mulkin mallaka ɗan zango ne a cikin dogon tarihinmu, Walter Rodney ya ce shi ne ya tsuke nahiyar. A Arewa shekara 57 ne kacal tsakanin faɗuwar Sakkwato da 'yancin kai, yaron da ya ga shigar Turawa Kano yana iya ganin fitarsu da idonsa, kuma mu mun fi haka daɗewa muna riƙe da kanmu. Wannan yana ba Ajayi ƙarfi. Amma iyakoki da larduna da En'e da harshen ofis da haɗewar 1914 duk daga wancan ɗan zangon suka fito.

Game da kakanka, shawarata ka koma wurinsa da waya ka naɗi muryarsa tun yana raye. Kada ka tsaya a tambayar ko zamanin ya fi. Tambaye shi nawa mahaifinsa yake biya haraji, wa ke zuwa karɓa, me ake yi wa wanda ya kasa. Tambaye shi ko an taɓa ɗibar wani daga gidansu aikin hanya ko kuza, wa aka fara kai wa boko a garin, ɗan wane ne, kuma a wane gefen rinji kakanninsa suke a shekarar da Nasara suka zo.